Tumatir na yaushi ganye kore shar: wa ke tsaron saiwa a ƙarƙashin ƙasa?

Alhaji Mamman Ajiwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masana. Tumatirina na fadama shina yaushi da rana tsaka, ganye kore shar, babu tabo babu tsutsa. Da marece shi ɗan farfaɗo, bayan 'yan kwanaki shi kwanta gaba ɗai. Ba tsutsar Sharon ba ce, na san aikinta ga ganye. Abin da ya ɗaure mani kai shi ne, fangali guda, iri guda, ruwa guda, amma wanga ya mutu, na kusa da shi na tsaye da ɗiyanshi. Mi ke kawo haka?

Lawal Mai Magani:
Wa alaikumussalam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Turo yaro shago gobe, akwai maganin fangas mai ƙarfi, a yi feshi tun bai cinye sauran ba.

Malam Iro Daura:
Lawal, a dakata da feshin tukuna. Alhaji, kafin ka kashe ko sisi yi wannan. Tuge ɗaya da ya fara yaushi, ka yanke karan daf da ƙasa da wuƙa mai kaifi. Samu kofin gilashi ka cika da ruwa garai-garai, ka riƙe guntun karan yadda bakin yankan zai nutse kaɗan. Kada ka motsa kofin. Zuba ido na 'yan mintoci. In ka ga wani farin zare-zare yana tsiyayowa daga bakin karan yana sauka ƙasan kofi, to bakteriya ce, wadda ake kira Ralstoniya. In ruwan ya tsaya garau, tsaga karan a tsaye. Idan hanyar ruwan cikinsa ta yi launin ƙasa-ƙasa, ganyen gindi kuma ya fara rawaya ta gefe guda, Fusariyum ne, wani fangas, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna. Ka duba saiwar ma ko ta yi ƙulle-ƙulle, wannan aikin nematod ne, wata ƙaramar tsutsar cikin ƙasa. Duka ukun ta ƙasa suke shiga, maganin da aka fesa a ganye ba ya kai musu.

Malama Hadiza:
Baba Alhaji, sannu da wannan jarrabawa. Malam Iro ya ba da hanyar gane ciwon. Ni tambayarka ta biyu ce ta ja ni, ta wanda ya mutu da wanda ya tsaya, don a kanta nake koyarwa, kuma na daɗe ina son mu tattauna ta a zauren nan.

Mutane da yawa sun ɗauka saiwa bututun shan ruwa ce kawai, duk abin da ya zo sai ya shige. Ba haka ba ne. Kowace ƙwayar halitta a jikin shuka tana zagaye da bango. Ginshiƙinsa zaren selulos ne, irin wanda ke cikin auduga, sai fektin da ke manne ƙwaya da 'yar uwarta. A cikin bangon kuma akwai furotin iri-iri. Ba su da yawa, da wuya su wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin bangon, amma su ne masu motsi. Mu Katsinawa mun san ganuwa. Tudun ƙasa kaɗai bai taɓa tsare gari ba, sai da masu gadin ƙofa, da masu hango abokan gaba, da masu yaɓe inda ta tsage. Selulos da fektin su ne ginin, furotin su ne mutanen da ke kansa.

Na farkon da zan ambata sunansa ekstensin. Wani masani, Derek Lamport, shi ya fara bin sawunsa a Kambirij ta Ingila wajen 1960. A zaman lafiya wasu daga cikinsu a sake suke cikin bango. Da zarar saiwa ta ji alamar fangas, sai ta fesar da haidurojin feroksaid, wannan dai ruwan da ake wanke rauni da shi yana kumfa. Wani furotin mai suna feroksides sai ya yi amfani da shi ya ɗaure ekstensin ɗin da junansu, su zama raga mai tauri da sinadaran narkarwar fangas ba sa iya ci da sauƙi. A 1992 an nuna a ƙwayoyin waken suya da wake cewa irin wannan ɗaurin yana faruwa cikin mintoci, tun shukar ba ta kai ga ƙera sabon makami ba.

Sagir:
Malama Allah ya ƙara sani. An taɓa gwada wannan a tumatir kansa, ko a waken suya kaɗai?

Malama Hadiza:
An gwada. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun sa wa saiwar tumatir wani nau'in Fusariyum mai ruɓar da saiwa, suka bi abin da ke faruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Iri mai juriya da mara juriya duk sun tara waɗannan furotin a bango. Bambancin, mai juriya ya tara da wuri kuma da yawa, mara juriya ya tara bayan fangas ya riga ya wuce ciki. Wannan ne ya fi burge ni a ilimin nan gaba ɗaya: sau da yawa ba rashin makami ke kashe shuka ba, jinkiri ne.

Ga ma na kusa da mu. Kun san ciwon geron nan da zangarniya ke rikiɗewa ta zama ƙananan ganyaye kore babu tsaba. Ƙwayarsa a ƙasa take kwana ta kama tsiro tun yana jariri. Masu bincike a Jami'ar Mysore ta Indiya sun tarar geron da ke jure shi yana saurin tara irin waɗannan furotin a bango ya ɗaure su, fiye da wanda ke kamuwa.

Sagir:
To Malama a nan nake da ja. Alhaji ya ce iri guda ya dasa. In iri guda ne, ai furotin ɗinsu guda ne, saurinsu guda ne. Bayaninki ya warware bambancin iri da iri, bai warware bambancin shuka da maƙwabciyarta ba.

Malam Iro Daura:
Yaro ya yi tambaya.

Malama Hadiza:
Ya yi, kuma gaskiyarsa. Idan irin tsantsa ne ba gauraye ba, gadonsu kusan ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne ta ina cutar ta samu shiga, da yawan da ta zo da shi. Ralstoniya ba ta iya huda lafiyayyen bango da ƙarfinta kamar yadda fangas ke yi. Kafa take nema: inda saiwa ta tsinke wajen cire dashe daga reno, inda fartanya ta yanka wajen noma, inda tsutsar nematod ta huda, ko ɗan tsagin da ke buɗewa inda ƙaramar saiwa ke fitowa daga uwarta. Da ta kai hanyar ruwan shuka sai ta hayayyafa, ta saki majina mai kauri ta toshe hanyar. Shi ya sa ganyen ke yaushi yana kore, ƙishirwa ce ke kashe shi alhali gindinsa na cikin ruwa. Farin abin da Malam Iro ya ce a duba a kofi, ita ce da majinarta.

Wannan majinar tana yi mata wani aikin. Tun shekarun 1970 zuwa farkon 1980 an ga cewa furotin na bangon dankalin turawa da taba, dangin ekstensin, suna kama bakteriyar su dunƙule ta wuri guda. Amma wadda ba ta da majina suke kamawa. Mai majina zamewa take yi ta wuce. Saboda haka kada wani ya fita daga zauren nan da tunanin bangon ya gama komai. Yana rage yawan masu shiga, yana sayen lokaci. Idan wurin da shuka ke tsaye cike yake da cutar, misali ƙarshen fangali inda ruwa ke kwanciya, za a fi ƙarfinsa. Maƙwabciyarta da ke ɗan tudu, wadda saiwarta ba ta ji ciwo ba, sai ta tsira.

Alhaji Mamman Ajiwa:
Malam Iro na yi yadda ka ce. Wallahi farin abun ya fito, shina sauka sannu a hankali har ruwan ya yi dishi-dishi. Kuma maganar Malama haka take, waɗanda suka fara mutuwa na wajen da ruwa ke tsayawa ne. Saiwar wasu ma na da ƙulle-ƙullen.

Malam Iro Daura:
To an gano. Bakteriya ce, nematod ya buɗe mata ƙofa. Alhaji ka tuge duk wanda ya kamu har da ƙasar gindinsa, a fitar daga lambun a ƙone, kada a jefa a hanyar ruwa ko a juji. Ka gyara ban-ruwa yadda ruwan da ya ratsa wannan fangalin ba zai gangara na lafiya ba, kuma shi za a riƙa shiga a ƙarshe, a wanke fartanya bayan an fito. Baɗi kada tumatir ko tattasai ko attarugu ko yalo ko dankalin turawa su koma wurin, duk dangi ɗaya ne a wajenta. A sa masara ko alkama, a ba wurin wasu shekaru.

Lawal Mai Magani:
Ni dai ban ƙi ilimi ba, Malama, amma bari in faɗi tawa. Manomi ya ci bashi ya sayi iri da taki da man inji. In ya zo shagona yana kallon gonarsa na mutuwa, ba zan karanta masa ekstensin ba. Abu yake so a hannu. Kuma kada a nuna kamar magani banza ne. Apron Star da muke sayarwa ana gauraya iri da shi kafin shuka, ku tambayi masu gero ko bai yi musu aiki ba.

Malama Hadiza:
Malam Lawal, ban ce banza ba ne. Maganin gauraya iri yana da gurbinsa sosai. Ɗaya daga sinadaran cikinsa, metalaksil, yana kare tsiron gero daga ciwon da na ambata, yana kuma rage ruɓewar tsiro a gadon reno. Dalilin amfaninsa ma yana cikin maganarmu: jaririyar saiwa bangonta siriri ne bai yi ƙwari ba, maganin na riƙe mata cutar har ta gina nata. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a sayar wa Baba Alhaji maganin fangas a kan bakteriyar da ke cikin hanyar ruwan shuka. Kuɗinsa zai tafi, tumatirin ma ya tafi. Kai ne mutum na farko da manomi ke zuwa wurinsa, kafin ni kafin Malam Iro. Da za ka ajiye kofin gilashi a kan teburinka ka ce a kawo maka karan, da ka taimaki mutanen da mu ba za mu taɓa gani ba.

Lawal Mai Magani:
Kofi ba shi da tsada. Zan ajiye. Amma in ya nuna bakteriya me zan ba shi?

Malam Iro Daura:
Shawarar da na ba Alhaji. Sai kuma iri. Haruffan da ke jikin gwangwanin iri ba ado ba ne. Roma VF da kowa ya sani, V ɗin juriyar wani fangas mai suna Batisiliyum ce, F ɗin ta Fusariyum. In akwai N, nematod ke nan. Babu ɗaya cikinsu da ke nufin Ralstoniya, ita sai an nemi irin da aka rubuta yana jure ta. Sannan juriyar nematod ɗin tana raunana in zafin ƙasa ya haura digiri 28, wanda kuwa ya yi noman rani a Jibiya ko Zobe ya san yadda ƙasa ke zama daga watan Maris.

Hajiya Binta Ƙofar Sauri:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata kan ƙulle-ƙullen nan ne. Waken da na shuka a bayan gida na tuge wani na ga ƙananan ƙwallaye a saiwarsa. Shi ma cutar ce?

Malam Iro Daura:
Hajiya murza ɗaya da yatsa. In ya ɓalle daga gefen saiwar cikin sauƙi, kika fasa shi da farce kika ga cikinsa ja-ja, alheri ne. Gidan bakteriyar da ke samar wa wake da gyaɗa taki daga iska ne. Na nematod kumburin saiwar ce kanta, ba ya ɓallewa sai kin karya ta.

Malama Hadiza:
Tambayar Hajiya ta kawo mu inda nake son zuwa, wato yadda saiwa ke tantance baƙo. Ku tuge tsiron masara ko wake a hankali ku sa bakin saiwar a ɗigon ruwa, za ku ji santsi a yatsa. A cikin wannan yauƙin akwai ƙwayoyin halitta masu rai da hular saiwa ke saki da gangan, a wasu shuke-shuken dubbai ne a bakin saiwa ɗaya. Martha Hawes ta Jami'ar Arizona a Amurka ta shafe shekaru tana nuna cewa ba matattun ɓawo ba ne kamar yadda aka zata a da. Fangas da bakteriya suna maƙalewa a cikinsu da yauƙin, saiwar kuma ta ci gaba da tsawo ta bar su a baya. Shi ya sa sau da yawa tsinin saiwa, wanda shi ya fi kowane sashe taushi, yake fita lafiya cutar ta kama ɗan bayansa.

A cikin yauƙin akwai wasu furotin masu ɗauke da sukari jingim, ana taƙaita sunansu da AGP. Kun san danginsu ba ku sani ba, don ƙaron da ake tsinka a jikin dakwara yana ɗauke da irinsu. Wani rukunin masu bincike a birnin Rouen na Faransa sun nuna a 2012 cewa AGP na saiwar fis, wani dangin wake, suna jawo 'ya'yan wata cutar ruɓar saiwa masu iyo a ruwa, su sa su tsaya cak su dunƙule, sannan su hana su tsirowa. Su dai waɗannan furotin suna da hannu wajen karɓar ƙwayoyin kirki kamar na saiwar waken Hajiya.

Saura ɗaya in yi shiru. Fangas yakan saki sinadarin da ke narkar da fektin don ya raba ƙwaya da ƙwaya ya samu hanya. A bango akwai furotin mai suna PGIP, Peter Albersheim da Anne Anderson suka fara bayyana shi a 1971, na wake kuma yana cikin waɗanda aka fi nazari. Yana kama wancan sinadarin ya rage masa sauri. Da yake yankan ya zama a hankali, sai gutsattsarin fektin masu ɗan tsawo su taru maimakon su narke gaba ɗaya. Wani furotin da ke jikin fatar ƙwayar, ƙafarsa ɗaya a bango, yana jin waɗannan gutsattsarin, ya sanar da ciki cewa ana rushe bango. Daga nan sai a ƙaro lignin da suberin, sinadaran da ke taurara bango su toshe ƙofofinsa, a saki masu narkar da bangon fangas ɗin shi kansa.

Nura Dutsin-ma:
Ikon Allah. To Malama tunda fektin ne ake ci, babu abin da za a ba shuka ya ƙarfafa shi? Kakana toka yake barbaɗawa a gadon reno.

Malama Hadiza:
Akwai hikima a ciki. Kalsiyam ne ke ɗaure zaren fektin da juna, fektin da ya samu isasshen kalsiyam ya fi wuyar narkarwa. Toka tana da kalsiyam da fotash, tana kuma rage tsamin ƙasa, Fusariyum kuwa ya fi ɓarna a ƙasa mai tsami. Takin supa ma yana da kalsiyam. Amma toka in ta yi yawa tana ƙona tsiro ta kuma hana shi samun wasu sinadaran, musamman a fadamar da dama ta fara kanwa. Barbaɗe, ba tuli ba. Abin da na fi gani yana cutar da mutane shi ne yuriya. Ana son ganye ya yi duhu a burge masu wucewa, a yi ta zubawa, shuka ta yi girman gaggawa da jiki ruwa-ruwa da bango siriri.

Malam Iro Daura:
Sai cire dashe. Yara su shiga gadon reno a bushe su yi ta fizga, rabin saiwa ya tsaya a ƙasa, a ɗaure dami a bar shi a rana, sannan a dasa a laka. A jiƙa gadon sosai kafin a cire, a ɗago da ƙasarsa, a dasa da yamma. Takin gargajiya kuma a bari ya ruɓe sarai kafin ya shiga fangali.

Nura Dutsin-ma:
Ni ina ganin a ɗauko wannan PGIP na wake a sa wa tumatir kawai a huta.

Sagir:
An yi makamancin haka ai a ɗakin bincike, an sa wa alkama na wake, an sa wa tumatir na wani ɗan itace, cutar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Kuma wannan ya zama irin da aka sauya wa halitta, ka san yadda aka yi ta ce-ce-ku-ce kan waken SAMPEA 20-T tun 2019.

Shugaban Zaure:
Jama'a don Allah kada mu shiga wannan yau, mun san inda ta kai mu wancan karon. A ci gaba da maganar saiwa.

Hajiya Binta Ƙofar Sauri:
Na murza, ya ɓalle, cikinsa ja-ja ne. Alhamdu lillahi. To wuta-wuta fa? A gonarmu ta gado wajen Batagarawa ita ce ke cinye dawa da wake. Ita ma ai ta saiwa take kamawa.

Malama Hadiza:
Ta saiwa take kamawa Hajiya, sai dai ita shuka ce ba ƙwayar cuta ba, kuma ta dawa daban ta wake daban. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, yana iya kwana a ƙasa shekara goma ko fiye yana jiran ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko wake ke saki. Ƙasar da ta gaji, wadda ba ta da fosfaras da naitirojin, ita ke sa shuka ta ƙara sakin wannan sinadarin, shi ya sa wuta-wuta ta fi yawa a gonar da ta daɗe ba ta ga taki ba. In ta tsiro sai ta manna baki a saiwa ta fara kutsawa tana narkar da bango. A can ciki akwai wani zobe na ƙwayoyi da ke zagaye da hanyar ruwa, bangonsu ɗaure da lignin da suberin. A wasu nau'o'in dawa masu juriya a nan take cijewa ta kasa wucewa.

A wake hanyar daban ce. Wani wake daga Botsuwana da ake kira B301, in ta kama shi sai ƙwayoyin wurin su mutu nan take, ta rasa abin tsotsa ta bushe. A 2009 aka gano ƙwayar gadon da ke sa hakan. Masu kiwon iri na cibiyar binciken noma ta IITA da na Samaru sun fitar da wake mai jure ta, kamar SAMPEA 10.

Malam Iro Daura:
Shi nake ba mutanenmu shawara a Daura da Mai'aduwa. Sai dai wuta-wutar wake launi-launi ce. B301 ɗin da ke tsayar da ta Najeriya, akwai wata a Zakpota ta Jamhuriyar Benin da ke cin sa. Don haka Hajiya ki fara da kunya kaɗan a wurin da ta fi yawa ki gani da idonki. Wadda ta fito kuma a tuge ta tun ba ta yi fure ba, a fitar da ita daga gonar.

Lawal Mai Magani:
Malam Iro, in akwai inda ake samun SAMPEA 10 na gaskiya ba gauraye ba, turo mani ta akwati. Ana yawan tambayata kafin damina, ni kuma ba na son in sayar da abin da ban tabbatar da asalinsa ba.